Sunan Da Ban Taɓa Kira Ba

Ba zan ba da labarin yadda muka fita daga Jalingo ba, don har yau ba na son tuna shi. Abin da ya kamata a sani shi ne na fita da yarinya 'yar shekara shida, kuma mahaifinta bai yarda ba. Sau biyu na aika wa tsohon mijina, Malam Hammadu, a Lau, inda yake noman shinkafa, sau biyu amsa ɗaya ta dawo: in na tashi tafiya Gabon wurin sabon mijina, Allah ya kiyaye hanya, amma a bar masa 'yarsa, zai zo ya ɗauke ta bayan girbi. Ban jira girbi ba. Shekaru kaɗan ke nan da aka ba mu jihar Taraba.

Yarinyar ita ce 'yata ta fari, kuma sunan mahaifiyar Malam Hammadu aka sa mata. Ga kunyar ɗan fari, ga kunyar suruka, saboda haka sunan bai taɓa fita daga bakina ba. Dada muke ce mata. Ranar da na yaye ta mahaifiyata ta ɗauke ta zuwa gidanmu na unguwar Turaki, kamar yadda aka saba, kuma da aurena da Malam ya mutu na dawo gida, na tarar da ita tana kiran mahaifiyata Inna, ni kuma Adda, kamar sauran ƙannena. Ban gyara mata ba. Wa yake gyara irin wannan? In baƙo ya tambaya nakan ce ƙanwata ce, ya yi murmushi, a wuce wurin. Da farkon damina Allah ya yi wa Inna rasuwa. Kafin ƙarshen damina aka ɗaura mini aure da Alhaji Buba, mai sayar da atamfa a garin Oyem. Yayarsa, Hajja Yelwa, wadda ta san hanyar kamar tafin hannunta, ita aka aiko ta kai ni.

Ta Gurin muka tsallaka kogi muka shiga Kamaru, kuma har Garwa ban ji na bar gida ba. Fulatancin nan ne, kindirmon nan ne, gaisuwar ma iri ɗaya. A shingen shiga gari wani jandarma ya leƙo motarmu, ya duba fasfona, ya nuna Dada da haɓa, ya tambaya 'yar wa ce. Na sunkuyar da kai na ce ƙanwata ce. Ya dube ni, ya dube ta, ya yi dariya ya ce da Fulatanci, afo ce ke nan, wato 'yar fari, ya miƙo mini fasfon. Wannan dariyar ita ta yaudare ni. Na ɗauka duk duniya haka take, in ka faɗi rabi za a gane sauran.

A Ngaundare muka shiga jirgin ƙasa. Da gari ya waye na ɗaga labule, sai na ga babu sararin sama. Itatuwa ne dogwaye sun haɗe kai, ganye a kan ganye, ba dutse, ba shanu, ba inda ido zai je ya huta. A Jalingo ko daga bakin rijiyarmu ana hango duwatsu, mutum ya san gabas da yamma ba tare da ya tambaya ba. A nan na rasa alƙibla. Na yi sallar asuba a zaune ina kuka ƙasa-ƙasa, Dada kuwa ta manne da taga tana ƙirga birai. Wata mata Kirista da ke gefenmu, ba ma jin yaren juna, ta ga ina ta juye-juye, ta taɓa kafaɗata ta nuna mini inda rana take ɓullowa ta tsakanin itatuwa. Allah ya saka mata, duk inda take.

A Yawunde muka sauka unguwar Hausawa, gidan wata ƙawar Hajja Yelwa. Nan ne na gaya wa Hajja gaskiya, cewa sunan Dada ba ya cikin fasfona, domin a ofishin fasfo sun nemi takardar yardar uba, ni kuwa ba ni da ita. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta tafa hannu ta ce, amarya, wannan ne ya hana ki cin abinci tun Garwa? Ta ja ni bayan wani masallaci, wurin wani mutum mai keken rubutu a ƙarƙashin laima. Ya saurare ta, ko kallona bai yi ba, ya zura takarda ya fara bugawa da Faransanci. Na tambayi Hajja me yake rubutawa, ta ce yardar uba. Na ce ai uban yana Lau. Mutumin ya ce ba komai, shi ne uban yara da yawa a wannan layin.

Ina tsaye ina kallo ya ɗauki biro ya sa hannu da sunan mutumin da bai taɓa gani ba, ya ciro hatimi daga gwangwanin madara ya buga. Na san haramun ne, na san shaidar zur ce. Na ce a raina zan yi istigfari in mun isa.

Amma kafin ya sa hannun ya tambayi sunan yarinya. Ni ya tambaya. Na yi shiru ina kallon ƙasa, don ga yayar mijina a tsaye, ga maza suna alwala a gefe. Hajja ta amsa masa da abin da ta sani, ta ce Dada Hammadu. Na yi makarantar sakandare, na iya karatu, na ga lokacin da haruffan suka hau takarda. Da na karɓi biro na rubuta masa sunan gaskiya, da an gama. Na ce a raina, suna ai suna ne.

Daga Yawunde zuwa Ambam mota ce da jan laka da ruwan sama da ba ya ɗaukewa. Abincin da ake sayarwa a hanya rogo ne da aka naɗe a ganye kamar sanda, mai tsami, mai danƙo. Dada ta ciza sau ɗaya ta mayar mini, ta ce ita tana son kunun gyaɗar Inna. Na ce in mun isa zan dama mata. Ta ce nawa ba ya kai na Inna. Gaskiya ta faɗa.

Kogin Ntem ne iyaka. Jirgin fito ya tsallakar da mu da motoci biyu, muka hau tudu zuwa wani ofishi mai rufin kwano. Wajen azahar ne. Jami'in da ke kan tebur dattijo ne mai tabarau, ba mai tsawa ba, kuma da ya ga ba ma jin Faransanci ya sa aka kira tafinta, wani Bahaushe haifaffen Bitam mai sayar da goro, wanda Hausarsa ta riga ta sha ruwa. Jami'in ya karanta takardar, ya ajiye, ya tambaya ta bakin tafinta wace ce yarinyar nan a wurina.

Wallahi ban yi tunani ba. Bakina ne ya amsa kamar yadda ya saba amsawa shekara shida. Na ce ƙanwata ce.

Na jira murmushi. Bai zo ba. Jami'in ya sake ɗaukar takardar, ya ce a nan an rubuta uba ya yarda 'yarsa ta tafi da uwarta, to ina uwar? Hajja Yelwa ta taka ƙafata, ta shiga bayani da sauri cewa ni ce uwar, al'ada ce kawai. Ya ɗaga mata hannu. Ya tambaya ko akwai wata takarda ta yarinyar. A gida na haife ta, ba ta da takardar haihuwa, sai katin rigakafi da na taho da shi a cikin Alƙur'anina. Na miƙa, ina ganin shi zai cece ni.

Katin ya ƙara dagula komai. Sunan da ke kai ba Dada ba ne. A layin sunan uwa kuma sunan Inna ne, domin ita take goya ta zuwa asibiti, ita ma'aikacin ya gani, ita ya rubuta. Ban taɓa lura ba sai a kan teburin nan.

Jami'in ya kife katin, ya cire tabarau, ya ce in ni ce uwar in faɗi sunan 'yata. Na nuna katin. Ya ce kowa ma zai iya nuni. Na buɗe baki. Har yau in na tuna ina mamakin kaina. Ga shi a kan harshena, haruffa biyar ko shida, na san abin da zan rasa in ban faɗa ba, amma sunan ya ƙi fitowa. Ɗakin cike da maza, ga Hajja. Tafinta ya yi ƙoƙarin bayyana masa cewa mutanen arewa ba sa kiran sunan ɗan fari, amma shi kansa a bakin kakarsa kawai ya taɓa jin zancen, kuma jami'in ya ce shekararsa ashirin a bakin kogin nan, ya ga masu safarar yara iri-iri, bai taɓa ganin uwar da ba ta san sunan 'yarta ba.

Sai ya durƙusa gaban Dada, ya ba ta alewa, ya sa tafinta ya tambaye ta a hankali. Wace ce wannan? Ta ce Adda ce. Ina mahaifiyarki? Ta dube shi da idanun nan nata, ta ce, "Inna ta rasu. An kai ta maƙabarta da damina."

Duk tsawon shekarun nan na ɗauka ta sani. Na ɗauka yara suna sani, kamar yadda ni ma na tashi na gane Inna ce ta haifi babban yayanmu ba tare da an zaunar da ni ba. Ashe ba wanda ya taɓa gaya mata. Ashe watannin nan da take kuka a bayan ɗaki, kukan maraici take yi, ni kuma ina tsakar gida ina tankaɗe, ina jin kunyar in rungume ta a gaban masu zuwa ta'aziyya.

Na faɗi a gwiwa na ce da ƙarfi, "Ni na haife ta! Wallahi ni na haife ta!"

Dada ta juyo ta kalle ni a tsorace. Ta ce, "Adda, ke fa kika ce ƙarya haramun ce."

Tafinta bai so fassara wannan ba, amma jami'in ya matsa masa.

A ranar aka kai mu Bitam. Aka riƙe fasfona da takardar. Ni aka damƙa ni hannun Sarkin Hausawan garin, kada in fita sai an gama bincike, Dada kuma aka ba wata 'yar sanda mai suna Madam Odet ta tafi da ita gidanta. Ba ta yi kuka ba da za a tafi da ita, ta dai yi ta waiwaye.

Washegari Alhaji Buba ya iso daga Oyem. Shi bai san komai ba, na bar shi a kan cewa Malam ya yarda. Da ya gama jin labari sai ya ce na sa ya ci amanar mutum bai sani ba. Hajja ta fara cewa kowa ma haka yake yi a hanyar nan, ya ce mata, Yaya, ki bari. Ya je wurin jami'in, ya dawo ya ce magana ɗaya ce: sai uban yarinya ya zo da kansa. Ya tafi gidan waya ya buga wa wani abokinsa da ke aiki a sakatariyar Jalingo, a kai saƙo Lau. Mutumin da na gudar wa da 'ya, shi kaɗai ya rage a duniya da zai iya shaida cewa tawa ce.

Kwana goma sha uku muka yi jira. Kullum bayan la'asar ana barina in je barandar Madam Odet. Kwanakin farko tana zama a tsakaninmu da fuska a ɗaure. Rana ta uku na tarar da Dada ta rame, ta ƙi cin naman gidan don ba ta san wa ya yanka ba, haka Inna ta koya mata. Washegari da hantsi na hango Madam Odet cikin kakinta, riƙe da kaza mai rai a hammata, tana tambayar hanyar masallaci. Liman ya yanka mata, ta koma ta dafa. Ba ta taɓa yi mini maganar ba. Wata rana ina yi wa Dada kitso, ta tsaya a kanmu, ta kama kunnena ta kama na yarinyar, ta duba, ta duba, ta ga iri ɗaya ne, sai ta buga cinya ta faɗi wani abu da yarenta, ta shiga ɗaki ta bar mu mu biyu. Tun daga ranar ba ta sake zama a tsakaninmu ba.

A cikin kitson nan ne Dada ta tambaye ni, kanta a kan cinyata, ba ta kallona. Ta ce in ni na haife ta, Inna fa? Na ce Inna ni ta haifa. Na gama layi ɗaya na kama wani. Sannan ta ce, "To me ya sa kike jin kunyata? Wani abu na yi?"

Na ce ba ta yi komai ba, haka ake yi a wurinmu, haka Inna ma ta yi wa yayanmu. Ta ce shi ma ya ɗauka ba shi da uwa? Hawayena suka ɗiga a kan tsagar kitson, na goge da yatsa.

Ranar Talata Malam Hammadu ya iso, rigarsa ta yi ja da laka har gwiwa, idanunsa sun faɗa. Bai taɓa wuce Yola ba a rayuwarsa. Dada ta ruga ta rungume ƙafafunsa, shi kuma ya ɗora hannu a kanta sau ɗaya ya janye, don akwai mutane. Bai dube ni ba. Muka ɗunguma ofis. Ya ciro takardar alƙali ta lokacin rabuwarmu, wadda ke ɗauke da sunana da nasa da na yarinyar. Jami'in ya sa aka karanta masa, ya kife ta kamar yadda ya yi wa katin, ya ce wa Malam ya faɗi sunan 'yarsa.

Malam ya yi gyaran murya. Ya gyara hula. Ya ce wa tafinta, a gaya masa sunan tsohuwarsa ne, yana nan a rubuce.

Jami'in ya dafe kai da hannu biyu, sai ya fashe da dariya har da hawaye. Ya ce yanzu ya yarda, ba mai iya shirya irin wannan. Ya ce wace irin ƙasa ce ake haihuwar yaro sannan uwa da uba su ɓuya masa? Ba wanda ya taya shi dariya.

Da ya natsu ya ciro takardar Yawunde ya ajiye gaban Malam, ya tambaya ko hannunsa ne. Tafinta ya riga ya gaya mini cewa a kan irin wannan takarda ana ɗaure mutum. Malam ya daɗe yana kallon sunansa da wani ya rubuta.

"Ba hannuna ba ne," in ji shi. "Amma ban zo ƙara ba. Uwar 'yata ce. Ba na so yarinya ta tashi a ce mata an ɗaure uwarta."

Jami'in ya yaga takardar gida huɗu ya jefa a kwando. Ya ɗauko sabuwa fara, ya ajiye biro a kai, ya ce tun da ga uba ga uwa, in ya yarda yanzu ya sa hannu, yarinya ta wuce Oyem. Na karanta duk addu'ar da na sani. Malam ya dubi biron, ya dubi Dada, ya ce a'a.

A waje, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, ya yi mini magana karo na farko, ba faɗa ba ɗaga murya. Ya ce ya baro shinkafa tsuntsaye suna ci. Ya ce bai hana ni don ya ƙuntata mini ba, tsohuwarsa ta makance, kullum takwararta take tambaya. Ya ce kuma in duba da kaina, na kawo yarinya ƙasar da ko takarda ɗaya babu da ta ce tawa ce, in Allah ya ɗauki raina a nan, wa zai ce tasa ce? Da na zo Lau da ƙafata na tambaye shi dalili, da ya gaya mini. Na nemi gafararsa. Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, kuma in ta yi wayo, in an yi mata takardu na gaskiya, za a sake magana.

Da safe muka raka su bakin kogi, ni da Alhaji da Hajja Yelwa. Madam Odet ma ta zo da dafaffen ƙwai a ƙulle cikin leda. Na ɗaura wa Dada ɗankwalin Inna, na sa katin rigakafin a aljihun rigarta. Har ta kama hannun mahaifinta sun hau jirgin fito, sai ta saki ta dawo bakin ƙarfen jirgin, ta ce, "Adda, in da gaske ne, kira ni."

Na ce Dada.

Ta girgiza kai.

Mashigar cike take da mutane, masu lodi, 'yan kasuwa, jandarmomi. Ga mijina a dama, ga yayarsa a hagu, ga ɗan mai sunan a tsaye a cikin jirgi. An riga an kunce igiya. Kunyar ranar nan ta ofis ta so ta sake kama ni, sai na ɗaga kai na ƙwala kira.

"Asma'u!"

Malam Hammadu ya sunkuyar da kai. Hajja Yelwa ta ja salati.

"Na'am!" in ji ta.

Jirgin ya ja baya, jan ruwa ya shiga tsakaninmu. Na sake kira, ta sake amsawa, tana ɗaga hannu. Na kira na uku da duk ƙarfina, amma ƙarar injin ta rufe, bakinta kawai na ga ya motsa.

Shekara huɗu na yi a Oyem kafin in sake ganinta. Ranar da na sauka Lau tana bakin rijiya da tulu a ka, ta yi tsawo har na kusa kasa gane ta. Daga bakin zaure na ƙwala mata kira da sunanta, matan gidan suka kama baki, wata ta ce zaman Gabon ya cire mini kunya. Ban tanka ba. Ina kallon tulun da ta saki ya fashe, tana gudu tana amsawa.